Harsashi marar kwanso a kan sikeli: bindigar G11 da harsashinta DM11

Cikin harsasan bindigar kafaɗa da aka ƙera ba tare da kwanso ba, guda ɗaya ne ya yi nisan da har wata rundunar soja ta gwada shi a hannun dakarunta, ta kuma yarda ya isa a raba musu. Shi ne DM11 mai awon 4.73×33 (kaurin ƙwaya da tsawon harsashi a milimita), wanda kamfanin Dynamit Nobel ya yi wa bindigar G11 ta kamfanin Heckler & Koch a Jamus ta Yamma. An fara aikin a ƙarshen shekarun 1960, aka kammala a 1990, sannan aka ajiye shi ba a saya ba. Ba kaya ba ne da mutum zai tarar a kanti, a nan Damagaram ko a Turai, bindigogin da suka rage suna gidajen tarihi da ma'ajiyar kamfanin. Duk da haka zancensa yana yawan dawowa a bakin matasan soji da maharba masu bin intanet, ana cewa ga harsashin gobe. Shi ya sa ya kamata a auna shi yadda ake auna kowane kaya. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne aiki ne da ya cancanci a jinjina wa injiniyoyin da suka yi shi, amma ba za mu miƙa shi ga sojan da ke sintiri tsakanin Tanut da Gure a watan Mayu ba.

Mu fara da abin da ya yi kyau, don ba kaɗan ba ne. Harsashin kalash, 7.62×39, yana da nauyin giram 16 da ɗoriya. Na ƙungiyar NATO, 5.56×45, kusan giram 12 ne: ƙwayar giram 4, albarushi bai kai giram 2 ba, kwanson tagulla kuma wajen giram 6. Wato rabin abin da soja ke rataye da shi ƙarfe ne da zai faɗi a ƙasa kusa da ƙafarsa. DM11 gaba ɗayansa giram 5.2 ne. Wanda ya ɗauki harsashi 300 na kalash ya ɗauki kusan kilo 5, na NATO kilo 3.6, na G11 kuwa kilo ɗaya da rabi da ɗan abin da ba a rasa ba. Heckler & Koch sun yi nasu lissafin a kan nauyin kilo 7.35, bindiga da harsasai a haɗe: mai bindigar G3 ta Jamus zai tafi da harsashi 100, mai M16 ta Amurka da 240, mai G11 da 510. Duk wanda ya san tafiyar ƙafa a rairayi ya san abin da wannan ke nufi, domin kilo ukun da aka rage daga harsashi lita uku ce ta ruwan sha.

Shi kansa harsashin idan aka ɗora shi a tafin hannu ba ya kama da harsashi. Wani ɗan dunƙule ne mai kusurwa huɗu, kamar guntun allin makaranta da aka goge gefunansa, faɗinsa milimita 8 ta kowane gefe, tsawonsa kusan milimita 33. Jikin nan duka albarushi ne da aka haɗa da danƙo aka matse shi ya daskare, aka shafe bayansa da fenti mai hana danshi. Ƙwayar ba ta leƙowa waje, tana nutse a cikin wani rami da aka bari a tsakiyar dunƙulen, an rufe bakin ramin da ƴar hular roba mai riƙe ta a saiti. Nauyin ƙwayar giram 3 da kwata ne. A gindin dunƙulen akwai ƙyastu, tsakaninsa da gindin ƙwayar kuma akwai wani ɗan kofi na jan ƙarfe ɗauke da ƙaramin albarushi mai saurin kamawa. Kusurwa huɗun nan da gangan aka yi su. Harsasai masu zagaye idan aka jera su sai an bar gurbi a tsakani, waɗannan kuwa suna mannuwa da juna, don haka akwati ɗaya yana cin fiye da ninki biyu na abin da zai ci na 5.56.

Tashinsa hawa biyu ne. Allura ta bugi ƙyastu, ƙyastu ya kunna ƙaramin albarushin, shi kuma ya tura ƙwayar gaba ta fasa hular roba ta shiga bakin bututu ta toshe shi. Sai bayan nan babban dunƙulen ya farfashe ya kama. Dole a bi wannan tsari, saboda da babban albarushin zai riga tashi, iskar mai zafi za ta wuce ta gefen ƙwayar tun ba ta zauna ba, ƙarfin ya zube a banza. Idan komai ya tafi daidai ƙwayar tana fita da gudun mita 930 a daƙiƙa, ragowar kofin da robar su bi ta ta baki, ba abin da ya saura a mazauni, wato ramin da harsashi ke zama a harba shi.

Bindigar kuwa tsawonta santimita 75 ne, bututunta santimita 54, nauyinta ba harsashi kilo 3.6, an rufe ta ruf da jikin roba mai ƙarfi, madubin saiti na kamfanin Hensoldt yana cikin mariƙin sama. Gidan harsashi doguwar sanda ce da ke kwance a kan bututu, harsasai 45 a tsaye a ciki kansu na kallon ƙasa (samfuran farko 50 suke ci). Samfurin ƙarshe, K2, yana da gurbin ƙarin gida biyu a gefe da gefe, wato harsashi 135 a jikin bindigar kanta. Mazaunin harsashi rami ne da aka huda a cikin wani faifan ƙarfe mai juyawa. Ramin yana tsaye, wani hannu ya danno harsashi daga sama ya shiga, faifan ya juya kwata ɗaya ramin ya daidaita da bututu, a harba, iskar da aka ɗiba daga bututu ta tura fistin, fistin ya juya giyoyi, ramin ya koma tsaye ya karɓi na gaba. Babu jan kwanso baya, babu wurgar da shi, babu wani ƙarfe mai nauyi da ke kai da komo. Matakai biyu cif aka cire daga aikin bindiga.

A nan ne G11 ta yi abin da babu bindigar zamaninta da ta yi. Sojojin Jamus sun lura cewa a fagen daga yawancin harbi kuskure ne, saboda mai harbi a gajiye yake, a firgice, abin harbin kuma yana motsi. Maganin da suka nema shi ne a saki ƙwaya uku a jere da saurin da bindiga ba za ta kai ga motsawa ba. G11 tana sakin ukun nan da gudun da ya kai 2,100 a minti, wato daga ta farko zuwa ta uku kusan kashi 6 cikin 100 na daƙiƙa. Bututu da faifai da gidan harsashi duk a kan layi ɗaya suke, suna zamewa baya a cikin jikin robar. Ta farko ta fita suna tafiya baya, ta biyu ta fita suna ci gaba da tafiya, ta uku ta fita, sai sannan suka daki matsayarsu. Dukan kafaɗa yana iso wa mai harbi bayan ƙwaya ta uku ta bar baki. Idan aka sa ta a harbi ba tsayawa kuwa, an rage gudun da gangan zuwa 460 a minti don a iya riƙe ta. Wannan ɓangare ba mu da abin sukarsa. Bindiga mai kwanso ba ta kai wannan gudu sai da dabaru masu wahala, kamar yadda Rashawa suka yi daga baya a bindigarsu AN-94, ita ma ƙwaya biyu take saki.

To, sai dai kwanson da aka cire ba zaman banza yake yi ba, kuma duk matsalar wannan kaya daga nan ta taso.

Babba a ciki zafi ne. Kwanson da ya faɗo daga bindiga yana ƙona hannu, wanda ya taɓa faɗa wa cikin wuyan riga ya sani. Wannan zafin da ya fita da shi, da babu shi a jikin mazauni zai zauna. Ban da haka, idan sabon harsashi ya shiga mazauni mai zafi, bangon tagulla ne ke tsakanin ƙarfen da albarushi, yana jinkirta isar zafin. A harsashi marar kwanso albarushin ne da kansa ke jingine da ƙarfen. Albarushin zamani na nitiroselulos yana kamawa da kansa a wajen digiri 170. Samfuran G11 na farko da shi suka yi aiki, kuma a gwajin da NATO ta fara a 1977 don zaɓen sabon harsashi, bindigar ta riƙa tashi da kanta bayan ɗan harbi kaɗan, ba wanda ya taɓa kunama. Aka janye ta daga gwajin, a 1980 NATO ta ɗauki SS109 na Beljiyam, wanda shi ne 5.56 da ake ta amfani da shi har yau. Dynamit Nobel suka koma suka sake albarushin daga tushe, suka gina shi a kan sinadarin HMX mai fashewa da aka rage wa kaifi aka haɗa da danƙo, wanda sai zafi ya haura na nitiroselulos da kusan digiri 100 kafin ya kama. Da wannan suka ture matsalar zuwa nesa har ta wuce sharaɗin sojan Jamus.

Mu faɗi gaskiya a nan don kada a yi ƙari: rana kaɗai ba za ta tayar da DM11 ba, ko ranar Afrilu ta Damagaram. Abin da rana ke yi shi ne cinye ratar da injiniya ya bari. A bazara inuwa tana haura digiri 40, bindigar da ta wuni a bayan mota a fili kuwa hannu ba ya iya riƙe ƙarfenta. Daga can sama za ta fara ƙirga zafinta tun ba a harba ko ɗaya ba, kuma iskar da ya kamata ta huce ta ita ma da zafinta. Jikin robar da ya rufe komai yana ƙara riƙe zafin a ciki. Kalash ma tana iya tashi da kanta idan aka zazzage gida bayan gida ba hutawa, amma tana jefar da wani kaso na zafinta da kowane harbi, kuma mai ita yana iya jan sanda baya ya bar mazauni a buɗe iska ta ratsa. Akwai kuma zancen ajiya. Zafi mai daɗewa yana tsufar da kowane albarushi, amma a harsashin da aka saba kwanso ne ke riƙe da siffa ko albarushi ya tsufa. A DM11 albarushin ne siffar. Idan danƙon da ya haɗa shi ya bushe ko ya saki bayan shekaru a ɗakin ajiya mai rufin kwano, tsawo da faɗin harsashin ne suka canza, kuma faifan da ke juyawa sau 35 a daƙiƙa ba ya haƙuri da canjin awo.

Aiki na biyu na kwanso shi ne toshe baya. Lokacin harbi matsin da ke cikin mazauni yana kusantar bar 4,000, wato kusan ninki 4,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Tagullar kwanso, kashi 70 jan ƙarfe kashi 30 tutiya, tana kumbura ta manne da bangon mazauni ta hana iska komawa wajen fuskar mai harbi, matsin na sauka ta ɗan tsuke a jawo ta. Kowane harbi da sabuwar toshiyarsa, a yi amfani da ita sau ɗaya a yar. Ƴan Damagaram ba baƙin bindiga marar kwanso ba ne. Bindigogin dakarun Sarki Tanimu, wanda a zamaninsa har igwa ake zubawa a garin nan, da harbi-ka-ruga da maƙera ke yi wa maharba, duk ba su da kwanso: a zuba albarushi ta baki, a tura dalma, a danna. Ba sa yoyo ta baya saboda bayan a toshe yake har abada. Matsala tana farawa ne ranar da aka ce ta baya za a ɗura. Faransawa sun gwada da Chassepot a 1866, harsashin takarda da zoben roba a kan sandar rufewa. Zoben yana aiki, amma wuta tana cinye shi ya taurare, sai an riƙa canzawa, toka kuma ta cika mazauni. A 1874 suka mayar da bindigar mai cin kwanson ƙarfe, aka kira ta Gras. Sojojin Faransa da suka fuskanci dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a Yulin 1899 da harsasai masu kwanson ƙarfe suka zo, kuma saurin ɗuri da nisan zango na cikin abin da ya raba faɗan.

G11 ta gaji wannan tsohuwar matsala, har ma ninki biyu, domin ramin faifanta buɗe yake gaba da baya, dole a toshe wajen bututu a kuma toshe wajen allura. Heckler & Koch sun yi mazaunin gida biyu, matsin harbi ya tura su su buɗe su manne da fuskokin da ke kewaye. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi aiki. Amma toshiya ɗaya ce za ta sha wutar dubban harbi. Da zarar an sami ɗan ƙarci a fuskar, iska mai zafi ta sami hanya, kuma iskar da ta fi ƙarfe narkewa zafi tana faɗaɗa hanyarta da kowane harbi. Mazaunin ya zama kayan da ke cinyewa, sai an riƙa canza shi, kuma ba maƙerin gari ne zai yi shi ba.

Nan ƙurar hunturu ta shigo. A yi wa G11 adalci: ta fi kalash rufuwa nesa ba kusa ba, ba ta da tagar fitar kwanso a gefe, ba ta da doguwar tsagar da sanda ke bi. A rana ɗaya ta buji ƙurar da za ta shiga cikinta ba ta kai wadda za ta shiga kalash ba. Bambancin yana ga abin da ke biyo baya. Kalash an yi ta da sarari tsakanin sassanta, ƙura ta shiga ta sami wurin zama, kuma kurtu yana warware ta cikin minti ɗaya ba da wani makami ba, ya goge ya mayar. Cikin G11 giyoyi ne da sifirin da ƙananan sassa masu yawa da aka daidaita lokacinsu da juna. An tsara ta ne a kan soja ya share bututu da mazauni, sauran ya bar wa makanikin bindiga. Garin ƙurar da ke shiga agogo da wayar salula a watan Janairu zai bi gidan harsashi ya shiga duk lokacin da aka canza shi, ya haɗu da mai ya zama abin wasa ƙarfe, ya zauna daidai kan fuskokin da ake so su manne ba rata. Runduna mai makaniki a kowane bariki da kayan gyara a kusa tana iya ɗaukar wannan. Ƙaramin sansani da ke kwana biyu a mota daga Zinder ba zai iya ba.

Sai ƙarfin jiki. Harsashin tagulla yana faɗuwa kan dutse, a taka shi, ya kwana a aljihu tare da makulli da goro, ya jiƙe a ruwan Agusta wajen Magarya, a goge a harba. Dunƙulen albarushi yana ɓantarewa a kusurwa, yana tsagewa, fentin bayansa yana kankarewa ya bar hanya ga danshi da man inji da gazuwal. Tsagewa ba ƙaramin abu ba ne, saboda saurin ƙonewar albarushi ya danganta da faɗin fuskar da wuta ta samu, harsashin da ya tsage yana ƙonewa ba yadda aka auna shi ba. Shi ya sa aka riƙa kawo DM11 a cikin kwantenonin roba a rufe, daga ciki a tura su kai tsaye cikin gidan harsashi ba tare da yatsa ya taɓa su ba. Tsari ne mai tsabta, amma ya haramta ɗabi'ar da kowane soja ke da ita ta tsintar harsashin da ya faɗi ya mayar. Kuma nauyin kwantenonin yana cin wani abu daga ribar da aka lissafa a sama.

Idan harsashi ya ƙi tashi fa? A bindigar da aka saba ƙugiya tana riƙe da gindin kwanso, a ja sanda ya fito, an wuce wurin. A G11 akwai wani maɓalli mai juyawa a gefen hagu. A murɗa shi ramin ya koma tsaye, harsashi na gaba ya turo mataccen ya faɗo ta wata ƙaramar ƙofa a ƙasa. Muddin mataccen yana nan lafiyayye, wannan ya wadatar. Amma idan ya farfashe a ciki babu abin da ƙugiya za ta kama. Idan kuma ƙaramin albarushin ya tashi babban bai kama ba, ƙwaya ta riga ta shiga bakin bututu ta maƙale, sai an zura sanda ta gaba. Wannan irin tsayawa ce da ba a warware ta ana cikin musayar wuta.

Akwai ƴan uwan G11 biyu da suka shiga kasuwar farar hula, kuma labarinsu gajere ne. Kamfanin Daisy na Amurka, mai bindigogin iska, ya fitar da V/L a 1968 bisa ƙirƙirar wani ɗan Beljiyam, Jules Van Langenhoven. Ƙwaya ce ƙarama mai ɗan dunƙulen albarushi manne a gindi, ba ƙyastu, fistin ne ke matse iska ta yi zafi ta kunna shi. Hukuma ta ce wannan bindigar wuta ce, kamfanin ba shi da lasisin ƙera irinta, aka daina a 1969. Voere na Ostiriya kuma ya fitar da VEC-91 a 1991, bindigar farauta mai harsashin 5.7×26 na Hubert Usel, wadda lantarki ke tayarwa daga batir biyu masu bolt 15. Kunamarta makunni ce kawai, ba allurar da za ta girgiza saiti, kuma da yake da hannu ake ɗura ta ɗaya bayan ɗaya, zafi bai dame ta ba. Ta fi G11 dacewa da harsashi marar kwanso. Abin da ya kashe ta shi ne harsashin daga wuri ɗaya yake fitowa, ba a sake cika shi a gida kamar yadda maharban Turai ke yi da kwansonsu, kuma wanda ya saya ya dogara da kamfani ɗaya har ƙarshen rayuwar bindigar. Maharbin da ke da takardar izini da kalibar 12, ko ina ya je a ƙasar nan zai sami abin da bindigarsa ke ci. Masu binciken laifi ma ba su yi maraba da ita ba, da hujja, domin kwanson da aka tsinta a wurin aika-aika yana ɗauke da tambarin allura da ƙugiyar bindigar da ta harba shi, jandarma da alƙali suna aiki da wannan sheda.

Ana yawan cewa siyasa ce kaɗai ta kashe G11. Akwai gaskiya a ciki. Katangar Balin ta faɗi a 1989, Jamus ta haɗe ranar 3 ga Oktoban 1990, kuɗi suka koma gina gabashin ƙasar, abokin gabar da aka yi bindigar dominsa ya watse, rumbunan Jamus ta Gabas kuma cike suke da kalash. Heckler & Koch da suka zuba dukiya a aikin suka shiga matsi har kamfanin Royal Ordnance na Ingila ya saye su a 1991, sojan Jamus kuma ya ɗauki G36 mai cin 5.56 na kowa da kowa. Amma Amurka ta gwada G11 a 1989 da 1990 tare da wasu bindigogi uku, tana neman wadda za ta ninka M16A2 wajen samun abin harbi, babu wadda ta kai, har da ita. Daga 2004 Amurkawa suka sake ɗauko albarushin Dynamit Nobel a shirinsu na LSAT na rage nauyin makaman soja, suka yi harsashi iri biyu gefe da gefe: marar kwanso mai rage kusan rabin nauyi, da mai kwanson roba da ƙwaya a nutse mai rage kusan kashi 40. Da kuɗi da lokaci a hannunsu, na robar suka ci gaba da shi. A 2022 da sojan ƙasa na Amurka ya zaɓi sabuwar bindiga, ta SIG Sauer ya ɗauka da harsashin 6.8×51, mai jikin tagulla da gindin ƙarfe, saboda matsin da suke so ya fi ƙarfin tagulla zalla. Shekara talatin bayan G11, kwanso ƙara masa ƙarfi aka yi.

Inda dabarar ta zauna da gindinta shi ne inda ɗaya daga matsalolin nan ba ta taso ba. Gurnetin VOG-25 na milimita 40 da ake harbawa daga bututun GP-25 da ake maƙalawa a ƙarƙashin kalash ba shi da kwanso: albarushinsa yana cikin gindinsa na ƙarfe, ta baki ake ɗura shi, bayan bututun a toshe yake, matsin kaɗan ne, harbin ɗaya-ɗaya. Harsashin igwar tankar yaƙi na milimita 120 jikin kwansonsa yana ƙonewa, amma an bar masa gindin ƙarfe don ya toshe baya. Bindigar kafaɗa mai sarrafa kanta ce ta tara duka sharuɗɗan masu wuya a wuri ɗaya, matsi mai yawa da harbi da sauri da ɗuri ta baya da rayuwa a aljihun soja.

Ga masu sayen kayan rundunoni a yankinmu, abin da za a sa wa ido shi ne kwanson roba, irin wanda kamfanonin Textron da True Velocity suka kai gwajin Amurka. Yana rage kusan kashi 30 zuwa 40 na nauyi, yana toshe baya da sabuwar toshiya a kowane harbi, yana kare albarushi daga danshi da bugu, irin na True Velocity ma yana shiga bindigogin da ake da su. Roba ba ta fitar da zafi kamar tagulla, amma ba ta kuma saurin isar da shi ga albarushi. Shi ma kada a karɓe shi a kan takardar kamfani. A ajiye akwatuna a ɗakin kwano daga Maris zuwa Yuni, a bar wasu su yi damina a kudu wajen Matamai, a ɗora wasu a bayan mota su sha girgizar hanyar Tanut, sannan a auna tsawo da kaurin kowane harsashi, a duba wuyan kwanso ko ya tsage, a harba su da tsakar rana ta na'urar auna gudu a kwatanta da sababbi.